Bunƙasa da Katangar Katako

Duk wanda ya san Bunƙasa ya san bakinsa ya riga shi zuwa duniya. Inna ta ce ranar da ta haife shi, kafin ungozoma ta gama goge shi har ya fara yi mata tallan zanen da za a naɗe shi a ciki. Inna kuwa ba ta ƙarya, sai dai in labari ya yi mata gajarta ta ɗan ƙara masa tsawo.

Sunan ma a makaranta ya samo shi, kuma shi kaɗai ne abin da ya fito da shi daga can. Fensir ɗaya tal gare shi, ja, mai shatin haƙori a gindi. Sai ya sayar wa na kusa da shi, an jima ya ce ara mini in rubuta kwanan wata, ya juya ya sayar wa na baya. Kafin a tashi fensirin nan ya zaga aji kaf, kowa ya saya, kowa kuma yana zaune hannu rabbana. Malami ya kama kunnensa ya ɗaga shi sama, ya ce wane irin shaiɗanci ne wannan. Yaro, ƙafafunsa na lilo, ya ce, "Malam, ai kasuwar fensir ce ta bunƙasa." Tun daga ranar sunansa na gaskiya ya bi ruwa. Mu dangi mun manta shi. Ita kanta Inna in za ta tuna sai ta rufe ido, don haka ta hutar da kanta take ce masa Auta.

Bayan makaranta ta gaji da shi, ba abin da bai sayar ba. Ya sayar da tabarau ga masu lafiyar ido, ya sayar da lema a tsakiyar rani, ya taɓa sayar wa wani kurma rediyo, har mutumin ya dawo godiya. Kowace sana'a ya taɓa, a bakinsa ta bunƙasa, ko da kuwa washegari za ta mutu a hannunsa.

Yayansa mai aski ne, ana ce masa Reza, ba don sana'ar kaɗai ba. Dogo ne siriri, ba ya yawan magana, amma in ya yi ta sai ka isa gida kana wanka sannan ka ji zafin inda ya yanke ka. Ba ya duban mutum ido da ido, ta madubi yake kallon duniya. Shi da ƙanensa tun suna yara ba sa ga maciji. In ɗaya ya ce rana ta fito, ɗayan zai leƙa waje ya dawo ya ce ba ta gama fitowa ba.

Abin da ya haɗa su, ban da nonon Inna, ɗaki ne guda da Baba ya mutu ya bari a bakin titi, mai faɗin gaba, ƙofa biyu, fanka ɗaya a tsakiya. Da can Baba na gyaran agogo a gefe guda, Kawu na guga a ɗaya gefen, su ma kullum cikin rigimar wuri. Da abin ya ishi Baba sai ya sa aka yi masa katangar katako wadda ba a kafe ta ba, ana tura ta hagu ko dama. Ya kuma sayo jan fenti. Kowace sabuwar shekara a shafe daɓen ɗakin kaf, gefe da gefe. In shekara ta ƙare a zo a duba. Gefen da ƙafafun mutane suka fi cinye fentinsa shi ke da jama'a, sai a ƙara masa wuri faɗin falanki ɗaya. Wanda kuwa aka matse har kayan aikinsa suka kasa shiga, ya kwashe ya bar wa ɗan'uwansa ɗakin. Baba ya rasu, Kawu ya bi shi, katanga da gwangwanin fenti suka zama gado, Inna ta zama alƙali.

Da Bunƙasa ya karɓi gefensa, gem ya sa. Ya samo wata na'urar wasan bidiyo ta hannu, baƙa, kusurwarta ɗaya a ƙone, wai mai ita na farko ya ajiye ta kusa da dutsen guga. Ya jona ta da talabijin, ya ajiye benci, ya raɗa mata suna Tsohuwa. Tsohuwa in ta ɗauki zafi nishi take kamar mai hawan tudu da buhu a ka, sai an yi mata fifita da kwali, amma ba ta taɓa kunyata shi ba. Ƙartin layin nan kaf suka tare a wurinsa, masu babur, masu faci, direbobi, da wani Bakanike mai ƙaton ciki da ke barin motar mutane baki buɗe ya zo buga ƙwallo da yatsu. Mutum biyu ke wasa, arba'in na koya musu. Kafin shekara ta raba, jan fenti ya ce ga garinku nan, sai siminti fari tas.

Shekara bayan shekara katanga tana tafiya, kullum kan Reza. Shagon aski ya koma kamar aljihun wando. Wanda ya zo aski sai ya shiga a kaikaice, a aske masa ɓarin kai ɗaya, ya fita titi ya juya, ya dawo da baya a ƙarasa masa ɗayan. Fankar tsakiya tuni ta koma ƙasar Bunƙasa, Reza sai dai ya ji labarin iska ta cikin katako. Saura falanki ɗaya kujerar aski ta kasa shiga. Kowa ya san haka, Bunƙasa ya fi kowa sani, don kullum da safe sai ya ƙwanƙwasa katangar ya ce, "Yaya, ka fara neman gindin bishiya. Masu aski a can ma mutane ne."

A shekarar ne aka fito da sabon samfurin gem, fari, siriri, ba ya nishi. Layin ya haukace. Kowa so yake ya mallaki nasa, ya kulle ɗaki ya yi wasa ba mai huci a wuyansa. Bunƙasa ya shaƙi iska ya ji ƙamshin ciniki. Ya daina ba da hayar wasa, ya koma dillanci. Ka kawo tsohuwarka a karɓa, ka cika ka ɗauki sabuwa, wanda ƙarfinsa bai kai sabuwa ba ya ɗauki ta hannu. Ya fitar da benci ya jingine a waje, ya ce wa ƙartin da suka yi shekaru suna cinye masa fenti shagonsa ba tasha ba ne. Ya sayi riga mai dogon hannu. Ya fara cewa "kwastomomina" da wani irin lanƙwasa baki, kai ka ce haƙori ke damunsa.

Kuma a faɗi gaskiya, an saya. Kwali na shiga, kwali na fita, wayarsa ba ta hutawa. Sai kai ya kumbura. Ya je wurin Kafinta ya ce a yi masa kantar gilashi, irin mai fitila a ciki, daga bango zuwa bango. Kafinta ya zo da tef zai auna, ya kai katanga ya tsaya. Bunƙasa ya ce wa ya ce ka tsaya, wuce har bangon can. Kafinta ya shiga shagon aski a kaikaice yana ba da haƙuri, ya miƙa tef ta saman kan wani bawan Allah da ake wa gyaran fuska. Reza ya ci gaba da aikinsa. Ta madubi kawai ya bi tef ɗin da kallo, daga farkonsa har ƙarshensa.

"Da ka bari an tura katangar tukuna," in ji Kafinta da suka fito.

"An riga an tura," in ji Bunƙasa. "Katangar ce ba ta sani ba."

Aka ƙera kanta, aka kawo ta a bayan mota, ta ƙi shiga, da ma ba a ce za ta shiga ba. Aka kai ta tsakar gidan Inna aka lulluɓe da tamfol, tana jiran ƙarshen shekara kamar kowa.

Daga nan gardama ta tashi, kuma ta cikin katako ake yin ta, don ba mai taka gefen wani.

"Yaya Reza! Ka ji ƙarar kwali? Wata ta sake fita. Kasuwar gem ta bunƙasa, ko maƙiyi ya shaida."

Injin aski ya yi shiru. "Wa ya saya?"

"Mai faci."

"Mai facin da ya sayi wata kwanan baya?"

"Ya dawo da waccan ya ɗauki babba. Ci gaba ke nan."

"Waccan ɗin fa?"

"Na sayar wa direban motar ruwa."

"Shi kuma tasa?"

"Tana wurin mai babur. Wai kai ɗan sanda ne?"

"A'a, mai aski ne. Kawunan layin nan na sani ɗaya bayan ɗaya, har da inda kowanne ya lotsa. Tun da ka fara haukan nan ban ga sabuwar ƙeya ta shiga ƙofarka ba. Mutanen bencinka su ne dai, na'urorin ma su ne dai, zagaya layi suke kamar tsanin aro. Kai kuma kana tsakiya kana tafi. Fensirin nan ne na makaranta, ya girma ya fara shan wutar lantarki."

Wanda ake wa aski ya tuntsire da dariya har ya kusa barin kunnensa a wurin. Bunƙasa ya cika ya batse.

"Ƙarya kake, Yaya, da girmanka. Nas ɗin asibitin can fa? Ta taɓa zama a bencina? Da ƙafarta ta zo ta saya, ta ce in ta taso aiki da shi take huce gajiya. Wannan ba sabuwar ƙeya ba ce?"

"Ƙeya ɗaya. Ka ɗauki hotonta ka rataye."

"Tsohon maigadin nan fa, da ya saya wa jikokinsa?"

"Biyu. Babur ya cika, sai a tashi."

"Hassada ce ke cin ka. Da biyu ake farawa! Yau Nas, gobe asibitin kaf, har marasa lafiya. Kai sana'arka tun zamanin kakanni kai ɗaya ne dai, gashi ɗaya. Wa ya taɓa fito da sabon samfurin kai?"

"Shi ya sa nake barci da munshari. Gashi in na yanke, jibi ya fito, mai shi ya dawo. Kai wanda ka sayar wa ya tafi ke nan, sai ranar da ta lalace ya dawo zagin ka."

Haka suke wuni. In baki ya gaji hannu ya karɓa. Reza ya riƙa share gashi yana tura shi ta ƙarƙashin katanga, har wani mai saye ya buɗe kwali ya tarar da gemu a ciki. Bunƙasa kuma ya samo lasifika ya manna a jikin katakon, daidai bayan madubi, duk na'urar da ta fita sai ya saki ƙarar tafi irin ta filin ƙwallo, madubin yayansa na rawa.

Tsohuwa kuwa tana can saman kwalaye ta yi ƙura. Wata rana Bakanike ya shigo yana goge hannu da tsumma, ya ce ko za a sayar masa da ita, yana so ya riƙa tuna zamanin da. Bunƙasa ko jan ciniki bai yi ba. Ya haɗa masa da hannayenta biyu na dannawa da wayoyinta, har kwalin fifita ya ba shi kyauta. Bakanike na fita ya daki katanga.

"Yaya! Har Tsohuwa ta tafi! Kasuwar da ta ɗauke Tsohuwa, me ya rage ba ta ɗauka ba?"

"Allah ya sanya alheri," in ji Reza.

Da a ce Bunƙasa na da kunnen jin magana, da addu'ar nan ta hana shi cin abinci.

Washegari da hantsi yana goge kwalaye sai ya ji wani nishi ta cikin katako. Ya san nishin nan kamar yadda ya san tarin Inna. Ya fito a guje ya leƙa ƙofar yayansa. Ga ƙaramin talabijin an rataye saman madubi. Ga Tsohuwa a kan katako tsakanin hoda da man gashi, tana nishinta hankali kwance. Ga ƙartin layi jere a tsaye, a kaikaice, kamar kifin gwangwani, na gaba na wasa, na baya na zagi, na ƙarshe na fifita da kwalin da ya bayar kyauta. Waɗanda ba su samu shiga ba suna zaune a ƙofa, kan bencinsa.

"Wannan sata ce!"

"Saye ne," in ji Reza ta madubi. "Na aiki Bakanike, ka sayar, ka yi shela, duk layi sun ji."

Bakanike ko juyowa bai yi ba, da ma ba wurin juyawa. Bunƙasa ya kama hannun mai faci. "Kai ba sabuwa fil na sayar maka ba? Me kake nema wurin wannan gawar?"

"Tana gida lafiya lau," in ji mai faci. "Amma wasa kai kaɗai ba daɗi. In ka ci ba mai gani, in aka ci ka ba wanda za ka zaga. Sakar mini hannu, layina ya kusa."

Bunƙasa ya gyara wuyan riga. "To ai ka gama yi mini shaida, Yaya. Har masu aski sun fara sayen gem. In wannan ba bunƙasa ba ce, mece ce?"

"Ta tashi daga bayan katako ta dawo gaban katako. In wannan tafiya ce, to ni ma kullum sai na je ƙasar waje."

Bunƙasa ya koma shagonsa ya zauna, ya sunkuyar da kai don takaici. Nan ne ya ga fuskarsa. A ƙasa. Jan fenti na nan lafiya lau yana sheƙi, kamar jiya aka shafa. Sai lissafi ya faɗo masa. Mai saye ya shigo, ya tsaya, ya ɗauka, ya fita, ƙafa nawa ce wannan? Wasu ma ba sa zuwa, waya suke bugowa ya aika musu da mai babur. A can gefen kuwa ana tsalle, ana dirka ƙafa, ana jan takalmi duk lokacin da wani ya zubar da ƙwallo. Yana zaune yana jin fentin yayansa na mutuwa da kunnensa. Ga shekara ta zo gangara, ga kantar gilashi na jira a ƙarƙashin tamfol.

Sai ya tafi wurin Inna. Ya tarar da ita a tsakar gida tana fama da zare da allura.

"Wane ne? Babba?"

"Ni ne, Inna. Auta."

"Da na ji shiru na ɗauka yayanka ne. Zo ka zura mini, idon nan bana ya zama na ado."

Ya zura mata, ya gyara zama, ya sassauta murya. "Inna, dokar Baba ta tsufa. Zamanin ƙafa ya wuce. Yanzu mutum yana kwance a gadonsa zai yi ciniki. A duba kayan da suka fita mana, ba takalman da suka shiga ba."

"To madalla. In a kwance suke saye, kai me za ka yi da ƙarin wuri? Gado za ka sa musu?"

"Kanta zan sa, Inna. Ga ta nan kina gani."

"Ba na gani, tuntuɓe dai nake yi da ita. Ubanku bai ce a duba wanda ya fi ciniki ba. Ɗaki ya raba, ɗaki kuma mutane ke tsayawa a ciki. Kasuwarka ta bunƙasa ko ta tsuke, ku ƙarata kai da yayanka, ni ban san gem ba. Fenti na sani."

"Amma Yaya cuta ta ya yi."

"Kai da ka aika a auna bangonsa yana tsaye da ransa, sadaka ka ba shi?"

Ya tashi ransa a ɓace, ko sallama bai yi ba. Yana bakin ƙofa maganarta ta dawo masa: idon nan bana ya zama na ado. Ya tsaya cak. Ya yi murmushi irin na ranar fensir.

Ya biya wurin Kafinta ya sayi samfefa, takardar nan mai kaushi da ake goge katako, ya zaɓi mafi kaushin ciki, ya ce ƙafar tebur zai gyara. Kafinta ya dubi yawan takardar, ya ce teburin nan da alama ya fi shanshani ƙafafu.

Ya jira ranar da Reza ya rufe da rana tsaka ya tafi cire haƙori, layi ya watse. Ya ja ƙofarsa, ya tuɓe riga mai dogon hannu, ya durƙusa. Kada a raina masa wayo, bai goge ko'ina da ko'ina ba. Hanya ya fitar daga ƙofa zuwa tebur, ya faɗaɗa ta a gaban kwalaye inda mai saye zai tsaya yana ruwan ido, ya bar kusurwoyi da jansu, har ya yi wani ɗan zagaye, wai nan ne masu ciniki ke juyawa in sun yi fushi za su fita. Ya goge har gwiwoyinsa suka sale, jar ƙura ta cika masa hanci da gashin ido. Ya share, ya wanke, ya watsa ƙasa kaɗan ya tattake. Da ya miƙe ya duba aikinsa, shi kansa sai da ya tausaya wa daɓen nan saboda wahalar da jama'a suka ba shi. Ya yi kwanaki yana atishawa ja, yana ce wa mutane zafi ne ya yi masa yawa.

Ranar duba fenti layin ya cika. Bakanike ya bar mota baki buɗe, Nas ta tsaya da jakarta a kafaɗa, Kafinta ya zo da guduma don shi ke sassauta katanga. Inna ta iso tana dogara sanda. Bunƙasa ya tare ta tun daga nesa.

"Sannu Inna, a hankali Inna. Fara da nawa ki huta, akwai fanka."

"Da na babba ake farawa."

Ta tsaya a ƙofar Reza, ta dafa kafaɗarsa, ta tuɓe takalmanta.

Bunƙasa ya bi takalman da kallo. Baba ma haka yake yi ranar duba fenti, Inna ma kowace shekara. Shi duk zatonsa don kada takalmin alƙali ya ƙara wa wani ci ne. Bai taɓa tambaya ba. Shekarun da yake cin nasara tsalle yake a titi, wa ke da lokacin kallon ƙafar tsohuwa?

Inna ta shiga a kaikaice, tana jan tafin ƙafa a hankali kamar mai neman allura a ƙasa. "Uhm. Sumul. Nan ma sumul. Nan har ya yi kwari. Wa ke tsayawa a nan?"

"Ni ne, Inna," in ji Bakanike.

"Ka rage ciki, ɗana, za ka huda mana ɗaki."

Ta fito, aka riƙe ta, ta shiga na Bunƙasa. Ta sa ƙafa ta ja, ta tsaya. Ta sake ja. Ƙarar da tafin ƙafarta ya yi har na waje sun ji, ƙurrr, kamar ana kankare tukunya.

"Auta."

"Na'am, Inna. Kin ga yadda suka cinye shi ko? Har siminti."

"Na ce maka ba na gani. Mutanen nan naka, da kofato suke zuwa?"

Wani ya fashe da dariya a ƙofa, aka ce masa shiru.

"Takalman zamani ne, Inna, masu ƙusa-ƙusa a ƙasa. Manyan mutane ke sa su."

"Nas, 'yata, kina nan? An ce ke ma a nan kika saya. Miƙo ƙafarki in shafa."

Nas ta toshe baki da jaka, kafaɗunta na rawa. Inna ta juya wajen da take jin numfashin Kafinta. "Kai fa, ka san wannan aikin?"

Kafinta ya dubi sama. "Ni dai ƙafar tebur aka ce mini, Inna."

Inna ta nemi takalmanta da sanda, ta sa, sannan ta yi magana. "Ƙafa in ta ci fenti lasarsa take, ta bar wuri kamar bayan cokali. Wannan cizo ne. Kawunku ya taɓa gwadawa da dutse, shekarar da guga ta yi masa ƙasa. Ubanku ya tura masa falanki biyu, ɗaya na rashin jama'a, ɗaya na raina masa hankali. Kafinta, biyu."

Bunƙasa ya yi tsalle ya dira a titi. "Wallahi zalunci ne! Na fi shi ciniki, kowa ya sani! Duk wanda ya taɓa saye a wurina ya ɗaga hannu!"

Hannuwa suka tashi, layi kaf, har da na Reza.

"Kun gani? Kun gani?"

"Mun gani," in ji Reza. Ranar ce ta farko da ya dubi ƙanensa ba ta madubi ba. "Duk sun saya. Ga su kuma duk a ƙofata."

Kafinta ya buga, ƙarti suka sa kafaɗa, katanga ta yi ƙara ta tafi inda ba ta saba ba. Jar ƙurar da ta maƙale a ƙarƙashinta ta tashi, Bunƙasa ya yi atishawa, aka ƙara dariya. Reza ya tsaya a tsakiyar shagonsa ya buɗe gwiwar hannu, ya juya sau ɗaya a hankali, abin da rabonsa da yi har ya manta daɗinsa.

Kantar gilashi tana nan gidan Inna. An cire tamfol, an zuba mata ƙaiƙayi. Kajin Inna su ne na farko a danginmu da suka fara kwana a gilashi, har fitila gare su.

An shafa sabon fenti. Bunƙasa ya sayi sabon benci, ya jona farar na'ura sabuwa fil, ya fito ƙofa ya ce wasa kyauta ne, kowa ya shigo. Bakanike ya leƙo daga shagon aski ya ce a'a, su ba sa son su mayar wa mutum shago tasha. Da haƙuri ya ƙare, wata safiya Bunƙasa ya ƙwanƙwasa katanga, a hankali, kamar mai neman aron gishiri.

"Yaya. Yayana na kaina. Tsohuwar nan, ka sayar mini mana. Ko nawa ne."

"Ka makara, Auta. Kasuwar gem ta bunƙasa. Tsohuwa ta fi ƙarfinka."

Injin aski ya ci gaba da kukansa.

Har yanzu Bunƙasa na sayarwa, har yanzu yana rantsuwa kasuwa ta bunƙasa, Reza na rantsuwa tsanin aro ne, ba wanda ya sauka. Sai dai yanzu in ka wuce ta layin za ka hango shi ta ƙofa, hannu a baya, yana kai da kawowa daga bango zuwa katanga, yana jan takalmi a ƙasa, tun safe har rana ta faɗi. Ya rame, ƙafafunsa sun yi ƙwanji kamar na mai dako. Jiya ma Reza ya kashe inji ya kasa kunne.

"Auta, wa ke ta zirga-zirga haka a wurinka?"

"Kwastomomi ne!"

"To ka gaishe shi. Ka ce ya shigo aski in ya gaji, ƙeyarsa ta yi gashi."